Asbesto a Rufi da Silin: Ƙurar da ke Kisa Bayan Shekaru

Asbesto ma'adini ne da ake haƙowa daga dutse, yana fitowa zare-zare kamar audugar rimi. Wuta ba ta cinsa, tsatsa ba ta kama shi, ga shi da araha, shi ya sa masana'antu suka daɗe suna cuɗa shi cikin siminti, roba, fenti da burkin mota domin ƙara musu ƙwari da auki.

A Najeriya ta hanyar kayan gini ya fi shiga gidaje. Kamfanin Nigerite da aka kafa a Legas a 1959, da wata masana'anta a Bauchi daga baya, sun yi shekaru suna buga kwanon rufi da silin na siminti mai asbesto. Irin waɗannan fallayen masu ruwan toka su ne har yau a tsofaffin azuzuwan firamare, ɗakunan shan magani da gidajen ma'aikata.

Muddin falle yana nan lafiyarsa ƙalau, ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Masifar tana farawa ne lokacin da kafinta ya sa masa zarto, ko guguwar farkon damina ta yaye rufi, ko gobara ta farfasa shi. Nan zaruruwan da ido ba ya gani suke tashi, mutum ya shaƙe su, su maƙale a huhu, jiki kuwa ba ya iya narkar da su. Bakanike mai hure ƙurar tsohon burki yana cikin wannan haɗari, haka matar da ke kakkaɓe rigar aikin maigidanta kafin wanki. Yara kan kwashi gutsattsarin silin su yi zane a ƙasa, abin da bai kamata babba ya zuba wa ido ba.

Cutar ba ta gaggawa. Takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana, wani lokaci fiye. Huhu yakan ƙandare da tabo, numfashi ya gajarce, busasshen tari ya ƙi jin magani, har a ɗauka tarin fuka ne. Akwai kansar huhu, wadda shan taba ke ninka haɗarinta, da ta maƙogwaro da ta ƙwan mace. Mafi muni ita ce mesoteliyoma, kansar tantanin da ya lulluɓe huhu. A 1960 likitoci a Afirka ta Kudu suka danganta ta da asbesto, bayan sun gan ta har a jikin waɗanda maƙwabtaka da mahaƙa kawai suka yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa shaƙar asbesto a wurin aiki na kashe sama da mutum 200,000 a shekara. Birtaniya ta haramta shi baki ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, amma Rasha da Kazakistan na ci gaba da haƙowa.

Idan sauke tsohon falle ya zama dole, jiƙa shi ake yi sharkaf da ruwa, a kwance ƙusoshin a ɗauke shi ɗungurungum, a naɗe cikin leda mai kauri a binne nesa da rijiya da gona. Ba a share wurin da busasshiyar tsintsiya, ba a cike ramin hanya da ɓaraguzansa. Ƙyallen rufe hanci na yau da kullum ba ya tare zaruruwan, sai takunkumi mai matata. Wanda ya taɓa irin wannan aiki kuma yake fama da tari ko haki, ya kamata ya gaya wa likita sana'ar da ya yi ko da shekara 30 ce ta wuce, domin a ɗauki hoton ƙirji, idan da buƙata a tura shi asibitin koyarwa na Katsina ko na Shika a Zariya.