Kyautar Bindigar Farauta Ga Dattijo: Abin Da Ya Kamata 'Ya'ya Su Sani Kafin Su Fitar Da Kuɗi

Bikin cikar shekarun haihuwa ba al'adar iyayenmu ba ce a Zongo. Da yawansu ma ba su riƙe ranar da aka haife su ba, sai dai su ce shekarar fari kaza, ko zamanin sarki wane. Amma tun da 'ya'yan Zongo suka bazu Jamus da Italiya da Amurka neman abinci, sai ga shi abin ya fara shigowa gidajenmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zongo. In tsoho ya cika sittin ko saba'in, sai 'ya'ya su haɗa kuɗi, a yi saukar Alƙur'ani, a yi walima, a ba shi wata kyauta ta musamman. Wani kujerar Makka ake biya masa, wani mota, wani babbar riga mai aska takwas. To, akwai kuma gidajen da uban maharbi ne, ko manomi mai gona a wajen Ejura ko Mampong ko Atebubu, wanda abin da ransa ya fi so shi ne bindigar farauta mai kyau wadda aka gyara daidai jikinsa. A kan wannan kyauta za mu tattauna a wannan wata, domin ta sha bamban da sauran. Riga in ba ta yi ba, tela ake mayar wa. Bindiga kuwa in aka yi kuskure wajen sayenta, tana iya kai mai gida gaban alƙali, ko ta jawo makoki a gidan da aka shirya farin ciki.

Darajarta a ƙasar Asante

Ba abin mamaki ba ne dattijo ya ɗauki bindiga da girma a wannan gari. Tun ƙarni na 18 bindigogin Turawa ke shigowa Kumasi daga bakin teku, musamman irin wadda aka laƙaba wa sunan mutanen Denmak, waɗanda ke riƙe da ganuwar Osu har zuwa 1850 lokacin da suka sayar wa Ingila. Ita ce kakar adaka ko harba-ka-ruga da muka sani, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Sarakunan Asante sun san ƙarfinsu a kanta yake, shi ya sa suka hana a wuce da bindiga da albarushi zuwa kasuwannin arewa irin su Salaga. Fataken Hausa da ke zuwa Gwanja sun sami goro iya son ransu, amma ba a sakar musu bindiga ba. Wanda ke son ganin makaman wancan zamani da na bayansa, ya leƙa gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Kumasi, tafiyar ƙafa kaɗan daga Kejetia, inda aka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a yaƙin Yaa Asantewaa na 1900.

Wato tun asali bindiga a nan kaya ce da hukuma ke sa wa ido. Har gobe haka abin yake.

Kada a je wurin maƙeri

In aka ce bindiga ta musamman wadda aka ƙera don mutum ɗaya, tunanin mutane da yawa maƙeri yake tafiya. Gaskiya ne maƙeran Ghana gwanaye ne. Masu bincike sun daɗe suna rubutu a kan ƙirar bindiga a ɓoye a wurare kamar Alavanyo a jihar Volta da kuma kewayen Suame Magazine nan Kumasi. Amma dokar makamai ta 1962 da dokar soja ta 1972 da ta biyo bayanta sun haramta ƙera bindiga ba tare da izinin gwamnati ba. Ɗan da ya ba maƙeri aiki domin ya faranta wa mahaifinsa rai, laifi ya saya masa da kuɗinsa.

Ban da doka, akwai zancen lafiya. Bindigar kamfani sai an gwada bututunta da harsashi mai ƙarfin da ya wuce na yau da kullum kafin a buga mata hatimi a fitar da ita kasuwa. Ta maƙera kuwa sau da yawa da bututun ruwa ko ƙarfen tsohuwar mota ake yin ta, ba wanda ya auna iyakar abin da za ta iya ɗauka. Ranar da ta fashe, yatsu da idon mai riƙe da ita take fara ci. Araha ba ta ado, balle a kan abin da ake karawa a kunci.

A Turai akwai gidajen da sana'arsu ke nan, ƙera bindiga bisa awon mai saye. Kamfanin Purdey na London tun 1814 yake wannan aiki, Holland & Holland kuma tun 1835. Sai sun auna tsawon hannun mutum da faɗin kafaɗarsa da yadda yake saiti, sa'an nan ya jira fiye da shekara guda, kuma sabuwar Purdey ta kan haura fam 100,000. Wannan ba layinmu ba ne. Abin da za mu ɗauka daga wurinsu shi ne hikimar, wato bindiga ce ke bin jikin mutum, ba mutum ke bin bindiga ba. Ana iya cimma wannan a nan gida ta hanyar halal: a sayi bindigar kamfani wurin dillali mai lasin, sa'an nan a gyara ƙotarta da kayan rataya daidai mai ita.

Ba a yin ba-zata da ita

Yaranmu na waje sun koyo al'adar ɓoye kyauta sai ranar biki a buɗe a gaban jama'a. Wannan ba ya yiwuwa da bindiga. Lasin ba na gida ba ne, na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya mai lambarta. Dole Baba da kansa ya je sashen rajistar makamai na 'yan sanda, ya cika takarda, ya kai hotunansa, ya faɗi dalilin da ya sa yake so, a bincika halinsa. Sai an amince kafin bindiga ta shigo hannunsa. Bayan haka kowace shekara sai an sabunta lasin. Saboda haka masu kyauta su sa kuɗin sabuntawa a lissafinsu, kada su bar tsoho da nauyin da bai nema ba.

Haka kuma kada wani ya yi gangancin cusa bindiga cikin kwantena tare da firiji da tayoyi ya aiko Tema, da nufin in ta iso a san yadda za a yi. Shigo da makami sai da izinin ma'aikatar harkokin cikin gida tun kafin kaya su taso. Ghana na cikin yarjejeniyar ƙananan makamai ta ECOWAS da aka sa wa hannu a Abuja a 2006, kuma a 2007 ta kafa hukuma ta musamman a kan ƙananan makamai. A 2025 ɗan majalisar Asawase, Alhaji Muntaka Mubarak, ya zama ministan harkokin cikin gida, amma kada wannan ya ruɗi kowa. Zama ɗan unguwa ɗaya da minista ba ya zama lasin.

Mafi kyau dai babban ɗa ko babbar 'ya su sami tsoho tun da sauran watanni, su ce: “Baba, mun yi shawara da ƙannena, muna so mu sabunta maka kayan dajinka, wace iri ce za ta fi maka daɗin riƙo?” Wanda ya shekara arba'in yana shiga daji ya fi kowane mai kanti sanin abin da ya dace da shi.

Wace iri za a zaɓa

Bindigar farauta kashi biyu ce. Akwai mai harsashi ƙwaya ɗaya, wadda cikin bututunta ke da zane a murɗe domin harsashi ya tafi yana juyawa. Ita ta manyan namun daji ce a fili mai faɗi, kuma in ta kuskure, harsashinta na iya tafiyar kilomita biyu ko fiye. A ƙasa irin tamu mai gonakin koko da ƙauyuka kusa da kusa, wannan haɗari ne babba. Ta biyu ita ce mai watsa ƙwayoyin dalma, mai baki ɗaya ko baki biyu, wadda amfaninta bai wuce mita 30 zuwa 40 ba. Ita ce ke hannun yawancin maharba da manoman Ghana, ita ce kuma ta dace da gyazbi, wanda Asantawa ke kira akrantie, da gada da fakara da zabon daji.

Mai lamba 12 ita ce aka fi samun harsashinta a kantunan dillalai. Mai lamba 20 ta fi sauƙin nauyi da sauƙin dukan kafaɗa, sai dai a fara tambaya ko ana samun harsashinta, domin bindigar da ba ta da abinci sanda ce kawai. Ga dattijo, mai baki ɗaya wadda ake karyawa a tsakiya ta fi kwanciyar hankali. Da an karya ta, kowa na gani da idonsa ko akwai harsashi ciki ko babu.

Sai awo. Yawancin bindigogin kamfani tazarar da ke tsakanin kunama da ƙarshen ƙota ta kan kai inci 14, an yi ta ne domin matsakaicin Bature. In ta yi wa mutum tsawo, za ta riƙa kama rigarsa lokacin ɗagawa. In ta gajarce, za ta dake shi a kunci. Gwanin itace na iya rage ƙotar, ya sa mata roba mai taushi a gindi saboda kafaɗar tsufa. Amma kada a taɓa bututu, kada a taɓa lambar da ke jikin ƙarfe. A kuma gwada idon da ya fi rinjaye: Baba ya miƙa yatsa ya nuna wani abu mai nisa da idanu biyu a buɗe, sa'an nan ya rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da yatsa bai kauce da shi ba, shi ne jagora, kuma a kafaɗar wannan ɓangare ya kamata ya kara bindiga.

Wurin da za a nuna gwaninta da ƙauna shi ne aikin fata. Dukawanmu na Kejetia da Alabar za su iya ɗinka maratayi da gidan bindiga da jakar harsashi da jar fata, a zana sunan mai ita da shekarar da boko ko da ajami. Wannan shi ne zai sa kyautar ta zama tasa shi kaɗai, ba tare da an taka doka ba.

Daji ma da dokarsa

Lasin bindiga daban, lasin farauta daban. Na biyun sashen kula da namun daji na hukumar gandun daji ke bayarwa. Tun ƙa'idojin 1971, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta domin dabbobi su hayayyafa, in ban da gyazbi, shi ma sai da lasin. Farautar dare da fitila haramun ce a doka. Cinna wa daji wuta domin a koro nama shi ma laifi ne, kuma waɗanda suka ga gobarar daji da yunwar 1983 ba sa bukatar a gaya musu dalili. Gandun Digya da Kogyae da Bomfobiri da Owabi ba wurin shiga da bindiga ba ne ko da wane wata ne. Wanda ya ga naman da ake saukewa a kasuwar Atwemonom zai zaci daji ba ya ƙarewa, amma tsofaffin maharba sun san tafiyar da ake yi yau kafin a ga gada ta ninka ta da.

Malamanmu na Malikiyya kuma sun yi bayani: a ambaci sunan Allah lokacin harbi, in an tarar da dabba da sauran rai a yanka ta, kuma kada a kashe rai don wasa. Musulunci ya hana nuna wa ɗan'uwa makami ko da da raha ne. Wannan ya shafi masu harba bindiga sama a taron biki. A ranar walima a bar ta cikin gidanta, babu harsashi, a miƙa wa mai ita a ɗaki.

Tambayoyi uku kafin a biya

Na farko, idon Baba da hannunsa suna nan? Yanar ido da rawar hannu ba sa sallama kafin su shigo. A kai shi a duba idonsa a asibiti tukuna. In likita ya ce da gyara, to kuɗin aikin ido ya fi bindiga zama kyauta.

Na biyu, ina za a ajiye ta? Gidajenmu na Zongo gidajen haya ne da na gandu, jikoki na shiga kowane ɗaki. Ƙarƙashin katifa ko bayan ƙofa ba ma'aji ba ne. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo ya shiga cikin kyautar, harsashi kuma a kulle shi a wani wuri daban, mabuɗi a jikin mai ita. Kada a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. An umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Na uku, bayan ransa fa? Magana ce mai nauyi a lokacin murna, amma dole a yi ta. Bindiga ba ta shiga rabon gado kamar agogo ko darduma. In mai lasin ya rasu, sai a kai ta wurin 'yan sanda, magajin da ke so ya nemi lasin da sunansa. Wasu daga cikin bindigogin da ke kwance ba rajista a gidaje ta wannan hanya suka zama haka, ba don masu gidan ɓarayi ba ne. Gwamnati ta taɓa ba da wa'adin afuwa domin irin waɗannan, kamar yadda aka yi a 2016, amma ba kullum ake samun wannan dama ba. Tun ranar saye a san wanda zai ɗauki wannan nauyi.

In an amsa waɗannan uku da gaskiya kuma aka ga hanya a buɗe take, to a yi bisimilla a fara da ofishin 'yan sanda, a bi da dillali, a ƙare da baduku. In kuwa ɗaya daga ciki ta cije, ba abin kunya ba ne a sauya shawara. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, Ya sa mu gama da su lafiya. Amin.