Jinyar tiyatar rage fatar damtse: wa zai riƙe wa mai jinya taɓarya?

Mutumin da ya zubar da kilo talatin ko arba'in, da hana kansa ci ne ko da tiyatar rage tumbi ko da alluran zamani irin su Ozempic, yakan tarar cewa kitsen ya tafi amma fatar tana nan. A damtse abin ya fi fitowa fili, inda fata ke reto daga hammata zuwa gwiwar hannu. Zaruruwan da ke ba fata ƙarfin komawa mazauninta sun saki, kamar robar wando da aka shekara ana ja, kuma ɗaga ƙarfe zai gina tsoka ne kawai, ba zai mayar da su ba. A zafin Gusau na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, wannan fata na tara gumi, ta goge, ta yi ƙuraje da wari. Saboda haka ba duk mai neman a yanke ta ne ke neman ado ba.

Kafin komai, wanda ya rame ba da niyya ba, gwajin ciwon suga da tarin fuka da sauran cututtuka ya kamace shi, ba wuƙa ba. Wanda kuwa ya rage ƙibar da gangan, likitoci kan so nauyinsa ya tsaya cik na aƙalla wata 6 kafin a taɓa shi. Sukan duba ko yana da ƙarancin jini, su tabbatar suga ya daidaita, su sa mai shan sigari ya daina makonni kafin ranar. Akwai kuma abin da mata da yawa ba sa faɗa sai an tambaya: man bilicin. Da yawansu na ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata, ya hana rauni haɗewa da wuri.

Aikin kansa awa biyu ne zuwa uku. Ana yanka ta cikin damtse, a cire fatar da ta yi yawa, a ɗinke, wani lokaci a bar siririyar roba tana tsiyayar da ruwa na 'yan kwanaki. Likitocin gyaran fata kaɗan ne a Arewa, kuma sun fi taruwa a manyan asibitocin koyarwa: na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Malam Aminu Kano a Kano. Mutumin Bungudu da ya nufi Sakkwato, ko na Tsafe da ya bi ta Funtuwa zuwa Zariya, ya san halin da waɗannan hanyoyi ke ciki. Shi ya sa tun kafin a shiga ɗakin tiyata ya kamata a yanke shawarar inda za a riƙa wanke ciwon da cire zare, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ne, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko babban asibitin garinsu, a kuma karɓi takarda daga likitan da ya yi aikin.

A gida ne ake cin nasara ko a faɗi. Takardar sallama za ta ce kada a ɗaga hannu sama da kafaɗa a makonnin farko, kada a ɗauki abu mai nauyi har mako 4 zuwa 6, a sa safar damtse mai matsewa dare da rana, a kwanta hannuwa bisa matashi don kumburi ya sauka. A rubuce abu ne mai sauƙi. Amma matar da ke jan guga, tana daka, tana cilla goyo a baya, tana ɗora tulu a ka, duk aikinta na yini ya faɗa cikin abin da aka hana. Kuma hannu biyu ake yi a tare, babu na jingina. Ko sa riga da ɗaurin ɗankwali sai da taimako. Ɗinkin hammata shi ya fi saurin buɗewa, domin wurin na motsi kullum kuma yana jiƙe da gumi. A ganina, duk wadda ba ta samu 'yar'uwa ko ƙanwa da za ta zauna da ita wata guda ba, gara ta ɗage tiyatar, ko da kuɗin na hannu.

Alwala ma sai an yi tunaninta, tun da ɗinkin kan sauko har kusa da gwiwar hannu. Fiƙihu ya san shafa a kan bandeji, sai a tambayi malami, a kuma tambayi likita ranar da ruwa zai iya taɓa wurin. Kada a bari masu dubiya su shafa toka, man shanu ko garin magani a kan ɗinki, komai kyan niyyarsu. Abin da rauni ke so ta baki yake shiga: wake, ƙwai, kifi, awara, nono. Zazzaɓi, mugunya, damtse ɗaya ya fi ɗaya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, duk na komawa asibiti ne nan take. Wani lokaci akan daina jin taɓi a fatar da ke ƙasa da gwiwar hannu, amma galibi jin kan dawo cikin watanni.

Sai tabo, wanda ya kamata a yi maganarsa ba kwana-kwana. Musaya ake yi: a ba da fata, a karɓi dogon tabo da ba ya ɓacewa, sai dai ya dusashe cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tsiro, wanda ke tasowa ya wuce iyakar rauni, yana ƙaiƙayi, kuma damtse na cikin wuraren da tabo ke yawan kauri. Wadda hujin kunnenta ya yi tsiro, ko wanda tsagar wanzami ta yi masa tudu, ya nuna wa likita tun ganin farko. Akwai man silikon da allurar da ake yi cikin tabo don ya kwanta, amma akwai waɗanda likita na gari zai ce musu su haƙura da tiyatar gaba ɗaya.