Legon ko Ashesi: wace ce ta dace da ɗan Zango?

Idan sakamakon WASSCE ya fito, iyaye a Nima da Maamobi kan shiga shawarar inda yaro zai ci gaba da karatu. Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda aka kafa a 1948, tana da dubban ɗalibai da fannoni irin su likitanci. Kuɗinta da sauƙi, kuma ana iya zuwa daga gida a trotro.

Ashesi kuwa, wadda Patrick Awuah ya buɗe a 2002, ƙarama ce a Berekuso. Azuzuwanta ba cunkoso, kuma kowa na karanta shugabanci tare da fannoni irin su kwamfuta, kasuwanci ko injiniyanci. Tana da tsada, amma tana tallafa wa 'ya'yan marasa ƙarfi, har da tallafin Gidauniyar Mastercard. Don haka kafin a ce ta fi ƙarfinmu, a fara neman tallafin.