Rage Ma'aikata: Wa Aka Bar Wa Gadin Daji?

Lokacin da nake yaro akwai wani mutum a garinmu wanda har manyan masu gatari ke shakkarsa. Malamin daji ake ce masa. Kaki yake sawa, keke yake hawa, makaminsa kuwa ɗan littafi ne da biro. Duk mai son sare ɗorawa ko kaɗanya ko maɗaci sai ya nemi izini a wurinsa, wanda ya cinna wa gandu wuta kuma sai gaban alƙali. A hutun da ya wuce na bi ta ƙofar tsohon ofishinsa, na tarar rufin ya yaye, awaki ke kwana a ciki. Da na tambaya, aka ce tun da na ƙarshensu ya yi ritaya ba a sake turo kowa ba.

Wannan ɓangare ne na rage ma'aikata da ba a cika tattaunawa a kansa ba. Tun daga korar ma'aikata ta 1984, zuwa shirin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Janar Babangida ta kawo a 1986, hukumomi sun saba da hanyoyi biyu na rage kuɗin albashi: sallama kai tsaye, ko dakatar da ɗaukar sababbi har tsofaffi su ƙare. Kowace aka bi, masu aikin da ido ba ya gani ne ke fara shan wahala. Idan aji ya rasa malami iyaye za su koka, idan asibiti ya rasa ma'aikaciyar jinya majinyata za su yi magana. Bishiya ba ta da ƙungiyar ƙwadago, ba ta kuma jefa ƙuri'a.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sambisa a Borno gandun namun daji ne kafin ya zama maɓoyar Boko Haram. Dajin Rugu a Katsina da na Kamuku a Birnin Gwari duk keɓaɓɓun wurare ne a doka, amma a yau sunansu ya fi fitowa a labaran garkuwa da mutane. Ba na cewa rashin malaman daji kaɗai ya jawo wannan musiba. Talauci da rashin adalci da yaɗuwar makamai duk suna da hannu. Sai dai malamin daji ya san kowace burtali, ya san Arɗon kowace ruga, idan baƙuwar fuska ta sauka a gandu labari kan kai ga hakimi da wuri. Da aka rasa shi, gwamnati ta rasa idonta da kunnenta a cikin daji.

Ɓarnar ba ta tsaya ga tsaro ba. Duk mai bin manyan hanyoyinmu ya saba ganin motoci maƙare da buhunan gawayi da itacen girki. Inda aka share bishiyoyi, iska kan kwashe ƙasar noma da rani, ruwa ya zaizaye sauran da damina. Manomin da amfanin gonarsa ke raguwa shekara bayan shekara shi ke biyan albashin da gwamnati ke taƙamar ta adana.

A watan Mayun 2025 Shugaba Tinubu ya amince a ɗauki dakarun tsaron dazuka masu ɗauke da makamai. Mataki ne da ya dace, amma akwai darasi a cikinsa: abin da keke da littafi suka tsare a da, yanzu sai da bindiga da jirgin yaƙi. Kuma mai bindiga zai iya korar ɓarayi, amma ba a horar da shi renon dashe ko ƙidayar bishiyoyi ba.

Na yarda aikin gwamnati na buƙatar gyara. Akwai ma'aikatan bogi, akwai hukumomin da ayyukansu suka yi karo da juna, abin da rahoton Oronsaye na 2012 ya nuna, wanda gwamnatin tarayya ta ba da umarnin aiwatarwa a Fabrairun 2024. Roƙona ga gwamnoni da 'yan majalisun jihohi shi ne a fara yankan daga tarin mashawarta da ayarin motoci, a bar ma'aikatan fage. A cike guraben malaman daji da duba-gari da suka yi ritaya. Kwalejin Gandun Daji ta Jos da takwararta ta Afaka a Kaduna suna yaye matasa masu wannan ilimi, da yawansu na zaune ba aiki. A kuma riƙa bayyana wa jama'a yadda ake kashe kason jihohi na Asusun Kula da Muhalli.

Ana iya sallamar ma'aikaci da takarda guda a yini guda. Kaɗanyar da aka sare bayan tafiyarsa kuwa, wadda za ta maye gurbinta sai ta shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya.