Gyaran Madafi: A Fara Daga Murhu

Yau ina so mu bar ɗakin jere mu leƙa inda ba a kai baƙuwa, watau madafi. Kin sha zuwa biki a Garu ko Limawa ko Fagoji, kin ga ɗakin amarya ya sha kwanuka da labule har ido ya rasa inda zai tsaya. To ki koma gidan bayan wata shida ki duba inda take girki. Duwatsu uku a ƙasa, bango baƙi ƙirin da kunkunniya, ba taga, ita kuma tana durƙushe tana hura wuta da goyo a baya. A nan za ta yi sa'a uku ko huɗu kowace rana ta Allah, amma ko sisin kobo ba a kashe wa wurin ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana wata ɗalibata ce 'yar aji biyar. Kullum da safe takan zo da jajayen idanu, tana tari, allo ma sai ta matso gaba take gani. Da na bi sawu na tarar ita ke dama koko tun asuba a wani ɗan ɗaki wanda ƙofa ce kaɗai mafitar hayaƙinsa. Kada ki ɗauki hayaƙi abin wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida yana hallaka mutum wajen miliyan 3 kowace shekara, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa. Ga kuma tsada: tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin dakon kome ya hau, gidaje da yawa da suka saba da gas ko kananzir suka koma itace da gawayi.

Saboda haka gyara na fari shi ne murhu, kuma ba ya bukatar magini. Laifin murhun duwatsu uku shi ne iska tana kwashe mafi yawan zafin ta gefe, tukunya ta sami kaɗan. Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe da gane haka. Tun shekarun 1980 suke yaɗa murhun ƙasa da suke kira Albarka, da na ƙarfe mai suna Mai Sauƙi. Na ƙasan shi zan koya miki, don kayansa suna bayan gidanki.

Ki sami yumɓu ko ƙasar suri, ki haɗa da ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa da ɗan kashin shanu, ki kwaɓa kamar za a yi yaɓe. Ki rufe shi ya yi mako guda yana ruɓa, kina yayyafa ruwa. Wannan jiran shi ke hana tsagewa, kuma a nan masu gaggawa ke faɗuwa. Ni ma na farkon da na gina kwana biyu kawai na jira, bai kai Juma'a ba ya dare gida biyu, maigida ya yi ta yi mini dariya. In ƙasa ta nuna, ki kafa duwatsunki uku yadda tsakanin ƙasa da gindin tukunya zai yi kamar tsawon tafin hannu. Ki ɗora tukunyar da kika fi girki da ita, ki gina bango kewaye da ita har wuya, kauri kamar yatsu huɗu. Ki bar rata kamar kaurin yatsa tsakanin tukunya da bangon, don ta nan harshen wuta zai lashi cikinta hayaƙi ya fita. Ki cire tukunyar, ki shafe ciki da jiƙaƙƙen hannu. Kashegari ki yanka ƙofar itace da wuƙa, daidai shigar ƙirare biyu ko uku. Ki bar shi ya bushe a inuwa mako guda kafin ki hura wuta.

Ki lura, kowace tukunya da murhunta. In kin gina don tukunyar tuwo, ta miya za ta faɗa ciki, don haka ki yi mata ƙarami a gefe. Amfaninsa ba tsimin itace kaɗai ba ne: tukunya tana zaune daram, yaro mai rarrafe ba zai jawo ta ba, bakin zane kuma ba ya kama wuta.

Murhu yana rage hayaƙi, amma ba ya kashe shi, sai da taga. Nan kam sai ki lallaɓi maigida. A huda ta can sama kusa da rufi, bisa murhu, don hayaƙi sama yake nema. A yi ta a bangon yamma, gama kin san ruwan damina a ƙasarmu daga gabas yake bugowa. A sa mata waya saboda ɓera. In hunturu ya shigo kada ki toshe ta da tsumma, kada kuma a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, cikin barci take ɗauke mutum. Mai gas kuwa ta nisanta tukunyar gas da murhun itace, ta riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar roba. In ya yi kumfa, yoyo yake.

Sauran aikin na ɗaga kaya ne daga ƙasa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 a Jigawa sun san abin da ruwa ya fara ci shi ne abin da ke ƙasa. A ɗaga dokin ƙofa, a yi wa randa dakali, a ba ta murfi da moɗa tata ita kaɗai. Katako biyu a bango sun isa kanta, ragaya kuma har yanzu ba a yi abin da ya fi ta wajen tsare nono da sauran tuwo ba. Gari da shinkafa da wake su shiga mazubi mai murfi, don ta fitsari da kashin ɓera ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno.

'Yan makaranta, ga naku aikin hutu. Ku haƙa rami kamar kamu biyu inda ake wanke-wanke, ku cika shi da tsakuwa, abin da Dutse ba ta rasa ba, ruwan ya riƙa nitsewa maimakon ya kwanta sauro ya haihu. Ku kafa 'yar rumfar kara a rana don kife kwanuka. Bangon madafi kuma a kankare kunkunniya a shafa farar ƙasa, za ku ga ɗakin ya yi haske kamar an ƙara masa taga.

Lokacin da ya fi dacewa da gina murhun shi ne bayan kaka, sa'ad da ƙaiƙayi ke zube a masussuka kuma ruwa ya ɗauke. In ya ɗan tsage daga baya, ki jiƙa wurin ki cusa ragowar ƙasar da kika kwaɓa, don haka ki ajiye kaɗan a tsohuwar tukunya.