Dambe: me ya sa hannun zakaru ba ya bin hanya guda?

 Kowa ya san a Nijar kokowa ce sarauniyar wasanni, tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975. Amma dambe ma yana da nasa masoya, musamman a garuruwanmu na kusa da iyaka, wajen Magarya da Matamaye, inda ake shiga Daura da Kano kamar shiga ɗaki. Yanzu kuma salula ta kawo damben Kano da na Abuja har cikin aljihun samari. Yaro zai kalli bidiyon wani zakara sau goma, ya tashi ya ce shi ma haka zai riƙa kai hannu. To, anya salon wani yana yi wa wani aiki? Abin da za mu duba ke nan yau.

Ga wanda bai saba kallo ba, ɗan dambe yana da hannu biyu masu aiki daban. Wanda aka naɗe da tsumma da zare shi ne na duka, shi ake kira mashi. Ɗayan kuma a buɗe yake, a miƙe gaba, shi ne garkuwa. Ana yin turmi uku, kuma idan hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa, an yi kisa. Ke nan magana duka tana kan yadda wannan hannu guda zai tashi daga baya ya isa inda aka aike shi.

Idan kun lura, hanyoyin da hannu ke bi kusan huɗu ne. Akwai mai miƙo shi tsaye, daga kafaɗa zuwa fuska. Wannan ita ce hanya mafi kusa, shi ya sa take da sauri, kuma dogaye sun fi jin daɗinta don suna taɓa mutum tun bai matso ba. Akwai mai zagayo da shi ta gefe. Hannun yana yin tafiya mai nisa, yana ƙara gudu a hanya kamar dutse a majajjawa, kuma yakan fito daga inda ido bai cika gani ba. Illarsa, kafin ya iso ƙirji da haɓa suna buɗe. Akwai mai ɗago shi sama ya sauke kamar saran gatari, don ya tsallake garkuwar abokin karawa. Sai mai tasowa da shi daga ƙasa, wanda ke jiran mutum ya sunkuyo. Bahago kuwa ƙarin rikici ne, domin dukansa yana zuwa ta gefen da yawancin ƴan dambe ba su saba tarewa ba.

Wacce ta fi? Bari mu ɗauko misali daga damben zamani, inda komai yake a rubuce. A ranar 8 ga Maris 1971, a birnin New York na Amurka, Joe Frazier, wanda gajere ne a kan Muhammad Ali, ya zagayo da hannun hagu ta gefe ya kai Ali ƙasa a turmi na 15, kuma shi ya yi nasara. A watan Janairu 1973, a ƙasar Jamaika, George Foreman mai manyan duka masu faɗi ya kayar da Frazier sau shida kafin a gama turmi na biyu. Sannan a ranar 30 ga Oktoba 1974, a Kinshasa, Ali ya bar Foreman yana ta zabga hannu har ya gaji, ya gama da shi a turmi na 8 da miƙaƙƙen hannun dama. Kun gani? Frazier ya ci Ali, Foreman ya ci Frazier, Ali ya ci Foreman. Mutum uku, salo uku, kuma kowannensu ya riƙe kambun duniya.

Ba a dambe kawai ake wannan gardama ba. Akwai wani wasa da ake kira sofbol, wanda mata suka fi shahara da shi a Amurka da Japan, inda ake jefo ƙwallo daga nisan mita 13 mutum ya doke shi da sanda. Ƙwallon yana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Masu horarwa sun daɗe suna ja-in-ja: wasu na cewa a tura nauyin jiki gaba, wasu na cewa a juya ƙugu. Da aka riƙa rage gudun bidiyo ana kallo, sai aka ga gwanayen sun bambanta a tsayuwa da riƙon sanda, amma lokacin da sanda za ta haɗu da ƙwallo jikinsu ya yi kama da juna sosai.

Haka abin yake a dambe. Abin da ido ke gani, wato tafiyar hannu, shi ne ya bambanta. Abin da ke ƙasa kuwa guda ne. Ƙarfin duka daga ƙafa yake farawa: ƙafar baya ta danna ƙasa, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu shi ne na ƙarshe. Duk wanda ya taɓa faskare ko ya yi huɗa da garma ya san cewa idan ka bar wa damtse aikin shi kaɗai, kafin hantsi ka gaji. Na biyu, kai ba ya rawa kuma ido ba ya barin abokin karawa. Na uku, tsayuwa. Wanda ya bi hannunsa da dukan jikinsa, idan ya kuskure, shi zai dafa ƙasa da kansa ba tare da an taɓa shi ba. Na huɗu, lokaci. Duka mai matsakaicin ƙarfi da ya tarbi mutum yana shigowa ya fi babban duka da ya same shi yana ja da baya.

Saboda haka iyayen gidan dambe, aiki a hannunku yake. Ku dubi jikin yaro kafin ku zaɓa masa salo. Dogo mai dogon hannu, idan ya ce sai ya kutsa kamar gajere, ya zubar da baiwar da Allah ya ba shi. Gajere kuma idan ya tsaya daga nesa yana musayar miƙaƙƙen hannu da dogo, zai sha duka har a tashi. Dubi Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya kawo wa Nijar lambar azurfa a wasan taikwando a Rio a 2016. Tsawonsa ya haura mita biyu, kuma da dogayen ƙafafunsa yake tsare mutum daga nesa. Da abin da yake da shi ya yi aiki.

Akwai kuma maganar lafiya, wadda ta fi komai. Duka mai faɗi da aka kai da damtse kaɗai yana gurɗe kafaɗa, yana karya yatsu idan gefen hannu ne ya sauka. Wanda kuma ya koyi buɗe jiki bai koyi dawo da garkuwa ba, kansa ne zai biya. Idan yaro ya sha duka a kai, ya ga jiri, ko ya yi amai, ko ya manta abin da ya faru, kada a ce ya nuna jarumta ya koma fili. A kai shi asibiti a ranar, kuma ya huta har sai likita ya ce ya koma.

Ku kuma ƴan uwa da ke Kano, Legas, Libiya ko Aljeriya, masu turo wa ƙanne bidiyo, ku ci gaba da turowa, amma ku haɗa da nasiha. Ku ce su kalli ƙafar zakaran da ƙugunsa, su ga inda garkuwarsa take bayan ya kai hannu. A nan darasin yake. Ko Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa har sunansa ya zagaye ƙasar Hausa, ana tuna shi ne don ya yi damben kansa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya maido matafiyanmu gida cikin alheri.