Zazzaɓin watan Agusta: wa ke biyan kuɗin maganin yaro?

'Yan'uwa, duk wanda ya yi hidima a ƙauyukan Bichi, Tsanyawa, Kunci ko Dambatta ya san lokacin da muka fi binne ƙananan yara. Daga tsakiyar damina ne zuwa farkon kaka. Sauro ya yi yawa, hatsin bara ya ƙare a rumbu, sabo bai nuna ba, ɗan kuɗin hannu kuma ya tafi a taki da noma. Cuta da rashin kuɗi rana ɗaya suke shigowa gida.

Masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa a 1990 yara fiye da miliyan 12 suka mutu a duniya kafin su cika shekara biyar. A 2022 adadin ya sauko zuwa miliyan 4.9. A Najeriya, binciken lafiyar jama'a na 2018 ya nuna yara 132 cikin kowane 1,000 ba sa kai shekara biyar. Na 2023 zuwa 2024 ya nuna 110, wato kusan ɗaya cikin tara. Arewa maso yamma, inda muke, ta ɗara wannan. Abubuwan da ke kashe su mun san su da suna: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon huhu, matsalolin haihuwa, da tamowa wadda ke raunana yaro har ƙaramar cuta ta kayar da shi. Yawancinsu suna da magani, kuma ba mai tsada ba in an fara da wuri.

To, wa ke biya? A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu don lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wa nan ba. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusu na ƙananan asibitoci, Jihar Kano ma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. Duk da haka, fiye da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun masu jinya yake fitowa. A gidan manomi ga fassararsa: yaro ya kwana biyu da zazzaɓi ana ba shi na kemis, don maigida na jiran ranar kasuwa ya sayar da akuya. Ran na uku ya fara jijjiga, sai neman babur, sai ƙarin jini. Jinyar da da kuɗin kaza ya isa ta koma ta akuya biyu, wani lokaci kuma an riga an makara. Sau da yawa mukan ce iyaye sun yi sakaci. A ganinmu yawanci lissafi suke yi da abin da babu.

Abin da muke samu kyauta kuwa, wani ne ya biya. Allurar rigakafi da tallafin Gavi take zuwa. Gidan sauro da maganin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata na damina, akasarin kuɗinsu daga masu tallafi na waje ne irin su Global Fund. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta USAID, kuma wani bincike a mujallar The Lancet ya yi hasashen cewa in yankan tallafin ya ɗore, yara miliyan 4.5 za su iya ƙaruwa a kan masu mutuwa kafin 2030. Hasashe ne, amma mu ne a bakin layi.

Saboda haka maganin damina in ya zo, a karɓa, a kuma cika na kwana na biyu da na uku da ake bar wa uwa. Sa'an nan ikilisiya ta duba kalandarta. Muna tara baikon godiya da kaka, lokacin da hatsi ke araha, mu kashe shi kafin bazara a kan gini da kujeru. Da dattawa za su ajiye buhu kaɗan har watan Yuli, su sayar da tsada, su danƙa kuɗin ga zumuntar mata, uwar da ɗanta ya yi zafi da dare za ta sami na babur da na gwajin jini tun da asuba, ta biya bayan an yanke gero.